Kamuwa da Cuta ko Allurar Rigakafi: Wanne Ya Fi Gina Garkuwar Jiki?

Akwai wata magana da ba ta tsufa a bakin iyaye: wai gara a bar yaro ya yi cutar ya warke, domin garkuwar da jiki ya gina da kansa ta fi wadda allura ke bayarwa ƙwari. Masu faɗin haka ba su rasa gaskiya ɗungurungum ba, shi ya sa ma maganar ke da wuyar kawarwa. Akwai cututtukan da in mutum ya yi su sau ɗaya ya tashi, to ya yi ban kwana da su har ƙarshen ransa. Akwai kuma waɗanda ko an sha da ƙyar, jiki ba ya riƙe komai a kansu. Wanda zai zaɓa wa kansa ko wa ɗansa, sai ya san wacce ce wacce, ya kuma san abin da ake biya a kowace hanya.

Jiki ba shi da garkuwa biyu, ta cuta daban ta allura daban. Ma'aikatan ɗaya ne, aikin ma ɗaya ne. Idan ƙwayar cuta ta zo, fata ce ke fara tare ta, da majina, da hawaye, da ruwan ciki mai tsami. In ta tsallake waɗannan, sai ta haɗu da wasu fararen ƙwayoyin jini da ba sa tambayar sunan baƙo, haɗiye shi kawai suke yi. Jan da ake gani a bakin miki, da kumburi, da zafi, duk alamar zuwansu ce, mugunya kuwa yawancinta gawarwakinsu ne. Zazzaɓi ma daga nan yake fitowa. Wannan runduna tana da sauri, cikin sa'o'i take isowa, amma ba ta da tunani. Ko sau goma cuta ɗaya ta dawo, yadda ta karɓe ta ran farko haka za ta sake karɓarta.

Runduna ta biyu ita ce mai ban mamaki. Wasu ƙwayoyi na ɗaukar gutsuren abokin gaban su kai shi ga 'yan ƙululun nan na wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito. A can akwai miliyoyin ƙwayoyin da likitoci ke kira B da T, kowace da irin siffar da take iya ganewa, kamar ɗaurin makullai da ba a san wanne zai buɗe kwaɗon ba. Ana ta gwadawa har a dace da wadda ta yi daidai, sai ta shiga hayayyafa. Ƙwayoyin B su riƙa zubo sinadaran da ake kira antibodi, masu manne wa ƙwayar cutar su hana ta shiga ko su nuna ta ga masu haɗiya. Wasu ƙwayoyin T su bi ƙwayoyin jikin da cutar ta riga ta shiga su kashe, wasu kuma su tsaya suna ba da umarni. In an gama yaƙi yawancinsu mutuwa suke yi, amma akwai ragowar da ke zama a matsayin masu tuna baya, wasu ma su tare a cikin ɓargo suna ta fitar da antibodi shekara da shekaru. Ran da cutar ta dawo, ba a sake neman makulli. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura.

Matsalar ita ce wannan gwaji da hayayyafa na cin mako ɗaya zuwa biyu a karon farko. A cikin waɗannan kwanakin duk gardamar take. Wanda ya koya ta hanyar kamuwa, yana koyo ne alhali cutar na ninka kanta a jikinsa, tana cin huhu ko hanta ko jijiya, kuma ba wanda ya san wa zai riga wani. Wanda ya koya ta allura, an nuna wa jikinsa abokin gaba da aka karya wa ƙafa: ko dai ƙwayar da aka raunana, ko wadda aka kashe, ko wani ɓangare nata kawai, ko gubarta da aka cire wa kaifi, ko kuma ɗan saƙo da ke sa jiki ya ƙera wani gutsure nata na ɗan lokaci ya gani. Ciwon hannu da ɗan zazzaɓin da kan biyo bayan allura shaida ce rundunar farko ta farka ta kai rahoto.

Bari mu ba hanyar kamuwa haƙƙinta. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro da ke tekun Atlantika ta arewa, bayan ta yi shekara 65 ba ta leƙa can ba. Aka tura wani matashin likita ɗan ƙasar Danmak, Peter Panum, ya je ya duba. Kusan mutum 6,000 ta kwantar cikin mazauna da ba su kai 8,000 ba, amma tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781 ko ɗaya bai sake kamuwa ba. Shekara 65 jiki bai manta ba! Har yau, wanda ya tabbata ya yi ƙyanda ba ya buƙatar allurarta. Kamuwa tana da wasu fifiko guda biyu da masana ba sa musu a kai. Jiki na ganin ƙwayar cutar gaba ɗayanta, don haka yana koyon fuskokinta da yawa. Kuma yana haɗuwa da ita a ƙofar da ta shigo, hanci ko maƙogwaro ko hanji, sai ya girke masu gadi a daidai wurin, abin da allurar dantse ba ta cika yi sosai ba.

To amma nawa ne kuɗin wannan makaranta? Kafin allurar ƙyanda, wadda aka fara a 1963, ta yaɗu a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum miliyan 2.6 a kowace shekara. Ko a ƙasashen da asibiti ya wadata, cikin yara 1,000 da suka kamu ana rasa ɗaya zuwa uku, kuma kusan ɗaya cikin 1,000 kan samu kumburin ƙwaƙwalwa da zai iya barinsa da kurumta ko naƙasar tunani. Inda yunwa ta riga ta raunana yara, adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Akwai makanta, akwai namoniya, wato ciwon huhu. Akwai ma wani ciwon ƙwaƙwalwa da ba kasafai ake samunsa ba, mai ɓullowa shekara 7 zuwa 10 bayan an ɗauka yaro ya warke sarai, kuma kusan kullum ajali ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai game da ƙyanda shi ne yadda take cin amanar masu kare ta. Ƙwayarta na shiga cikin masu tuna bayan nan ta kashe su. Binciken da aka wallafa a 2019 a kan yaran da ba a yi wa allura ba a ƙasar Holan ya nuna cewa bayan ƙyanda sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da suke da su a da. Ma'ana, yaro ya samu garkuwa daga ƙyanda, ya yi asarar wani kaso na abin da jikinsa ya tara a kan sauran cututtuka, sai ya sake koyonsu daga tushe. An sayi ɗaki ɗaya an rushe rabin gida. Ba a ga irin wannan ɓarna ga yaran da aka yi wa allurar ba. Ita allurar kuwa, karo ɗaya na kare kusan kashi 93 cikin 100, karo biyu kusan 97, kuma ga yawancin mutane kariyar ta rayuwa ce. Tazarar da ke tsakanin 97 da 100 ita ce duk ribar da mai cewa a bar yaro ya yi cutar yake nema.

Wannan lissafi ba sabo ba ne. A 1721 agana ta afka wa birnin Bostan na Amurka. Wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus ya riga ya gaya wa ubangidansa, malamin coci Cotton Mather, cewa a ƙasarsu ana tsaga fata a shafa ɗan ruwan ƙurjin mai agana, mutum ya yi ta sama-sama ya tsira daga babbar. Likita Zabdiel Boylston ya gwada a kan mutum 240 da 'yan kai, shida suka mutu. Cikin kusan 6,000 da suka kamu ta hanyar da aka saba, 844 suka mutu. Kusan biyu da rabi cikin ɗari ke nan a gefe guda, goma sha huɗu a ɗaya gefen. Hanyar tana da haɗari, amma mai ido ya ga inda rangwame yake. A 1796 likita Edward Jenner a Ingila ya nuna cewa wata 'yar'uwar agana mai sauƙi da ke kama shanu tana ba da kariya ba tare da wannan haɗarin ba. Mutum na ƙarshe da ya kamu da agana ta yaɗuwar yau da kullum an same shi a Somaliya a 1977, aka kuma shelanta kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. Dubban shekaru 'yan Adam na kamuwa suna samun garkuwa, cutar ba ta gushe ba sai da allura ta zo.

Ƙyanda da agana ma su ne inda hujjar masu son kamuwa ta fi ƙarfi. Da an matsa gaba sai ta fara rushewa. Ɗauki tatanas, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Gubar da ƙwayarsa ke fitarwa tana da ƙarfin da ɗan mitsitsin da zai kashe mutum bai kai yawan da garkuwa za ta lura da shi ta koya ba. Wanda ya yi tatanas ya rayu, gobe ƙusa ta sake sokarsa zai iya sake yi, shi ya sa likitoci ke yi masa allurar tun kafin ya bar asibiti. A nan babu zaɓi biyu ko kaɗan. Haka ƙwayar HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa: tana laɓewa a saman fata inda masu gadi ba sa ganinta sosai, mata da yawa su kamu ba tare da jikinsu ya yi antibodin kirki ba, allurar kuwa na samar da ninkin-ba-ninkin abin da kamuwa ke samarwa. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu kawo sanƙarau da namoniya suna lulluɓe da wata riga ta sukari wadda garkuwar yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba ta iya riƙe kamanninta. Masu haɗa allura suka ɗaure wannan sukarin a jikin wani furotin da jikin jariri ke ganewa, sai ga shi ya koyi abin da cutar kanta ba ta iya koya masa ba.

Wasu cututtukan kuma in sun shigo ba sa fita. Jaririn da ya ɗauki ciwon hanta nau'in B wajen haihuwa, tara cikin goma suna zama da shi har abada, da barazanar lalacewar hanta ko sankara in sun girma, alhali babba da ya kamu yawanci jikinsa na kore shi. Dalili ke nan da ake son allurar farko ta shiga cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Ƙarambau da ake raina wa, bayan ƙurajen sun bushe ƙwayarsa na komawa ta kwanta a jijiyoyi, ta jira tsufa ko rauni ta taso da wasu ƙuraje masu raɗaɗi kamar wuta a gefe ɗaya na jiki. Zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, nau'i huɗu ne, kuma wanda ya yi ɗaya ya warke, kamuwa ta biyu da wani nau'in ta fi zama mai haɗari, domin tsofaffin antibodin na manne wa sabuwar ƙwayar ba su kashe ta ba, har su taimaka mata shiga. Shan inna kuwa caca ce tsantsa: yawancin waɗanda suka kamu ba sa ma sanin sun kamu, amma kusan ɗaya cikin 200 na shanyewa har abada, kuma ba wata alama da ke nuna wa zai zama ɗayan.

Ita ma allura tana da nata rauni, kuma ɓoye shi ne ke sa mutane su daina yarda da mai magana. Kariyar allurar tarin shiƙa na raguwa bayan wasu shekaru, ko da yake ta wanda ya yi cutar ma raguwa take yi. Ƙwayar mura mai tsanani na sauya kama kusan kowace shekara, don haka allurar bara ba lallai ta yi aikin bana ba. Allurar BCG na kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in tarin fuka, amma ba ta da tabbas wajen hana na huhu ga manya. Alluran zazzaɓin cizon sauro biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, a 2021 da 2023, rage yawan ciwo da tsananinsa suke yi, ba su ɗauke buƙatar gidan sauro da magani ba. Sai dai a duba abin da ke ɗaya gefen: garkuwar da ake samu daga cizon sauro sai an yi ta kamuwa shekara da shekaru, ba ta taɓa cika ba, tana zagwanyewa in mutum ya bar yankin na tsawon lokaci, kuma yara ƙanana da yawa ba sa kai wa ga samunta.

Illoli ma akwai. Kusan mutum ɗaya cikin miliyan kan samu mummunan borin jiki nan take bayan allura, shi ya sa ake cewa a ɗan zauna kafin a tafi, domin maganinsa na hannun ma'aikatan. Allurar ƙyanda na iya kawo zazzaɓin da ke sa yaro ɗaya cikin dubu uku zuwa huɗu jijjiga, abin tsoro ga uwa, amma yawanci ba ya barin wata illa. Ɗigon shan inna na baki, da yake ƙwaya ce mai rai da aka raunana, yana ba da kariyar hanji mai kyau, amma a cikin miliyoyin ɗigo akan samu wanda ya shanye ta dalilinsa, kuma inda yara da yawa ba su karɓa ba ƙwayar na iya yawo tsakaninsu har ta dawo da ƙarfinta. Wasu alluran korona an danganta su da kumburin tsokar zuciya ga samari ƙalilan, wasu da daskarewar jini, dukansu ba kasafai ba. Batun cewa allurar ƙyanda na kawo galahanga kuwa, daga wata takarda ya samo asali wadda wani likita ɗan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa a 1998. Mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010, aka soke lasisinsa na likita, kuma binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara bai ga wata alaƙa ba. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora haɗarin allura a sikeli, a bar ɗaya gefen fayau kamar ƙin yin allura ba shi da nasa nauyi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin mutum ɗaya. Mai koyo ta hanyar kamuwa yana rabawa. Mai ƙyanda na iya harbar tara cikin goma na marasa kariya da suka kusance shi, tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, wato tun ba a san me ke damunsa ba. Cikin waɗanda zai harba akwai jaririn da bai kai watannin karɓar allura ba, da mai ciki, da wanda ke shan maganin sankara. Don a katse yaɗuwar ƙyanda sai kusan kashi 95 cikin 100 na jama'a sun samu kariya.

To wanda ya riga ya yi cutar fa? A nan amsar ta danganta da wace cuta. In ƙyanda ce ko ƙarambau kuma likita ya tabbatar, ya wadatar. Sai dai ƙuraje da zazzaɓi suna kama da juna, abubuwa da yawa da ake kira ƙyanda ba ita ba ce, kuma yi wa mai garkuwa allura ba ya cutar da shi, don haka in ana kokwanto a yi. In tatanas ne ko mashaƙo, a yi allura ko da an yi ciwon. Korona ta nuna cewa waɗanda suka haɗa biyun, kamuwa da allura, sun fi kowa kariya mai faɗi, amma wannan dalili ne na wanda ya warke ya je ya karɓa. Bai zama dalilin mai lafiya ya je neman cutar da gangan ba. Mai ciki da wanda garkuwarsa ta yi rauni ƙwarai ba a ba su alluran da ke ɗauke da ƙwaya mai rai, irin ta ƙyanda, sai su gaya wa ma'aikacin lafiya halin da suke ciki kafin a tsira musu komai. Matafiyi zuwa inda ake zazzaɓin shawara ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya: allurar na buƙatar kwana 10 kafin ta fara aiki, amma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda kuma ya tsallake wata allura a jerin na yara, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Akwai hanya ta uku da ba a cika sa ta a gardamar ba, wato garkuwar aro. A watannin ƙarshe na ciki uwa na tura wa ɗanta antibodinta ta mabiyiya, bayan haihuwa kuma dakashi da nono su shafe masa hanji da wasu. Jikin jaririn bai koyi komai ba, rance aka ba shi, kuma cikin 'yan watanni yake ƙarewa. Wannan ne ya sa ake yi wa mai ciki allurar tatanas don ta kare jaririn a makonnin farko, shi ne kuma ya sa ake jinkirta allurar ƙyanda zuwa wata 9 ko 12, domin antibodin uwa na iya kashe ƙwayar allurar tun jikin yaron bai gan ta ba. Maganin dafin maciji ma aro ne irin wannan, daga jinin dawakai ake samo yawancinsa.

Ciwon haukan kare ne ya haɗa duka a wuri guda. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan ba mai tashi, saboda haka zancen a yi shi a samu garkuwa bai ma taso ba. Amma ƙwayarsa tafiyar hawainiya take yi, tana bin jijiya daga wurin cizon zuwa ƙwaƙwalwa, makonni ko watanni. Masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya ci moriyar wannan jinkiri a 1885 lokacin da ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya yayyaga jerin allurai, yaron ya rayu. Har yau haka ake yi: a wanke mikin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, in cizon ya yi zurfi a zuba antibodin aro a kewayen mikin don su riƙe ƙofa, sannan a fara jerin alluran da za su ba jiki makonsa biyu na koyo kafin ƙwayar ta isa inda ta nufa.